Digiri na biyu a bakin fangali

Na shiga digiri na biyu a fannin tattalin arziki a Jami'ar Bayero da tambaya ɗaya a raina: me ya sa sabuwar fasaha ke karɓuwa a wani wuri, a wani wurin kuma ta zauna a shago tana shan ƙura? Shekarar farko a aji ta ƙare, lissafi da ƙididdiga ba sassauci. Mun karanta Robert Solow, wanda a 1957 ya nuna cewa mafi yawan ƙaruwar abin da ma'aikacin Amurka ke samarwa daga ci gaban fasaha ta zo, ba daga ƙarin jari ba. A shekarar ce kuma Zvi Griliches ya bi sawun ingantaccen irin masara a jihohin Amurka, ya ga inda riba ta fi tsoka nan aka fi saurin karɓarsa. Wanda ya fi kwanta mini shi ne binciken Jenny Aker na 2010 a kasuwannin hatsin Nijar: zuwan wayar salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Da aka zo kundi, na ɗauki injin ban ruwa mai aiki da sola a fadamar Auyo, cikin Jigawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, don haka a takarda sola ta gama cin gasar. Amma injinan fetur ne ke ta ruri a fadama.

Wani dattijo mai noman tattasai ne ya fara warware mini. Ina tsugune a bakin fangalinsa, ruwa na fita daga mesa, na ce, "Baba, me ya hana ka sola?" Bai ɗago ba. "Ɗana, fetur kullum nake saya, gwargwadon aljihuna. Sola kuwa kuɗinta a dunƙule ake nema. Gonar ma haya ce, baɗi mai ita na iya karɓe abarsa." Can ya ƙara da cewa shi da asuba ko da yamma yake son ban ruwa, ita kuwa sola sai rana ta take sannan take ƙarfi.

Sauran na gani da idona. Injin fetur in ya ƙi tashi, akwai yaro a kusan kowane ƙauye da zai kwance filogi ya goge, kafin azahar an koma aiki. Na sola in ya tsaya, sai a kai Haɗejiya ko Kano, tumatir kuwa ba ya jiran mai gyara. Masu ita da dama kullum sai sun loda farantan a amalanke sun kai gida saboda ɓarayi. Malamin da ke duba aikina ya ce duk wannan kuɗi ne, in sa shi a lissafi. Da na shigar da mallakar gona, nisan mai gyara da samun bashi, sai alƙaluman suka fara kama da abin da ke ƙasa. A ganina Griliches bai faɗi ba daidai ba, sai dai ribar da manomi ke aunawa ta haɗa da tsoron asara.

Mai shirin irin wannan aiki ya daidaita fitarsa da noman rani, ya kuma fara da gaida dagaci. Ya faɗa tun farko cewa shi ɗalibi ne, don in aka zaci tallafin gwamnati ya kawo, kowa zai zama matalauci a takardarsa. Kada ya tambayi mutum nawa yake samu. Ya tambayi buhu nawa ko kwando nawa ya ɗauka bara.

Ranar kare kundi wata malama ta yi mini tambayar da har yanzu nake bi: idan jan ruwa ya zama kyauta, wa zai kashe inji? Tun gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗejiya da Nguru ta ragu, ga rijiyoyin fadama kuma suna ƙaruwa. A kan wannan nake rubuta takardar neman digiri na uku.