Kafin ka sa hannu a takardar kayan jirgin nan

Ɗan ƙanwata ya shigo mini ranar Asabar, waya a hannu, baki har kunne. Ya ba da kafin alƙalami na ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaki, mita bakwai, inji ɗaya a baya, kamfanin kuma ya turo masa jerin kayan ƙari ya zaɓi waɗanda za a haɗa masa. Ya ce, "Kawu, duba mini." Ina karɓar wayar na gane yabo ya zo nema. Ya zaɓi allon taswira na lantarki mai inci 12, lasifika shida, shuɗayen fitilu na ƙarƙashin ruwa, firji, da daɓen katako mai sheƙi. Gurbin batir na biyu wayam. Gurbin rediyon oba-oba na VHF wayam. Na tambaye shi wa zai koya masa karatun taswira da dokokin ruwa, ya ce ai akwai bidiyo.

Ban yi masa faɗa ba a lokacin, domin takardar da ke hannuna tamkar tawa ce ta shekarun baya. Fitilun ne kawai ban saya ba, su ma don ba a tallata mini ba ne.

Nawa jirgin bai kai nasa kyau ba, amma tsayinsu ɗaya. Na zuba kuɗi a kan allo mafi girma da gaban sitiyarin zai iya ɗauka, na bar ankar da ta zo da jirgin, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, yadda take: ƙarama, da guntuwar sarƙa da ba ta fi tsayin mutum ba, sai igiya. Dillalin ya ambaci batir na biyu sau ɗaya, a gurguje, kamar mai sauke farali, sannan ya shafe kusan rabin awa yana nuna mini yadda allon ke canza launi da daddare. Har yau ina ganin da laifinsa. Amma ni na sa hannu, kuma ko da ya nace ban tabbata zan saurara ba. A lokacin gani nake wanda ya shekara ashirin yana tuƙa mota, me ruwa zai nuna masa? Fili ne fetal, babu kwana, babu rami.

Fita ta biyar ko ta shida ce ta koya mini hankali. Ni da matata da wani abokina muka nufi wani lungu a bakin kogi inda yake haɗuwa da teku. Na dangwala yatsa a inda muke, na dangwala a inda za mu, allon ya ja miƙaƙƙen layi, na bi shi kamar raƙumi da akala. Na ja taswirar baya don in ga tafiyar gaba ɗaya, kuma a wannan nisan duk ruwan launi ɗaya ne. Abin da ban sani ba shi ne taswirar na'ura tana ɓoye ƙananan bayanai in ka ja ta baya. Sai ka zuƙo wurin sannan lambobin zurfi da tudun yashi su bayyana. Layin nan ya ratsa ta kan tudun da ruwa ke rufewa in teku ta cika, ya fito fili in ta janye.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ba ni kaɗai ba ne. A watan Nuwamban 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind, cikin gasar zagaye duniya ta Volvo Ocean Race, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya da dare, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa rashin zuƙo taswirar na cikin dalilai. Ƙwararru ne, sana'arsu ke nan, sun tsira da ransu amma jirgin ya yi kaca-kaca. Nakan ba da labarin nan a duk inda aka tayar da zancen nawa. Matata ce ta gaji wata rana ta ce su aƙalla cikin duhu suke a tsakiyar teku, ni kuwa da rana tsaka ne, tsuntsaye na tsaye a kan tudun ruwa bai kai musu gwiwa ba.

Gaskiya ta faɗa. Na ga tsuntsayen. Na kuma ga launin ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Idona dai yana kan allo, na'urar auna zurfi kuma tana nuna saura santimita 70, sai na ce da sauran wuri. Ashe daga inda aka manna ta a jikin jirgi take aunawa, farfela kuwa ta fi wurin nutsewa da kusan rabin mita. Ana iya saita wannan bambancin cikin minti biyu, ban san ma akwai shi ba. Sai ji muka yi gurrr, abokina ya dafe gilashi da goshi, inji ya mutu.

Wajen awa biyu ke nan da cikar teku, ruwa ya fara janyewa. Da na san lissafin da kowane ɗalibin farko ke koya, da na san ba ni da lokacin tsayawa gardama da allo. Ana kasa bambancin cika da janyewa gida 12: awa ta farko kashi 1 ke tafiya, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, sannan 2, sannan 1. Ranar bambancin ya kai mita uku da rabi, don sabon wata ne, lokacin da teku ta fi cika ta kuma fi janyewa. Wato a awar da muka kafe ruwa zai ragu da kusan santimita 90. Kafin in gama sa ribas ina tayar da yashi, jirgi ya zauna daram, ya karkata gefe ɗaya. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25 ko kusa da haka, saboda haka awa takwas muka yi a wurin.

Nan ne wautar ta biyu ta fito. Don in kwantar wa matata da hankali na bar firji a kunne, na sa kiɗa, da duhu ya yi na kunna fitilun ɗaki. Duk daga batir ɗaya, wanda shi ne kuma na tayar da inji. Ruwa ya dawo cikin dare, jirgi ya taso, na murɗa makulli, sai ƙyas ƙyas. Allon da nake taƙama da shi ya yi baƙi ƙirin. Na jefa anka, ruwan da ke shigowa ya ja mu da ita kamar ba a jefa komai ba. Waya kuwa sanda ɗaya, ta zo ta ɓace. Wani masunci ne ya hango tocilan ɗin da abokina ke kaɗawa, ya zo ya ja mu. Bai ce mini uffan ba. Ya dai ɗaga ankar da hannu ɗaya, ya jinjina ta, ya ajiye. Gara ma da zagina ya yi.

Abokin nan bai sake hawa jirgina ba, ko da yake yana cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Da na zauna rubuta wannan na yi niyyar jero abubuwa goma sha biyu, har na rubuta su a bayan wata takarda. Na dubi takardar na ga yaran yanzu ba za su wuce na uku ba, in ba a mai da shi bidiyon daƙiƙa talatin ba. To ga abin da ya rage.

Ku fara da abin da zai dawo da ku gida in komai ya mutu. Batir biyu da makunnin da ke raba su, ɗaya na inji ne kaɗai, ko kiɗan duniya za a kashe ba a taɓa shi. Anka wadda ta dace da nauyin jirgin, da sarƙa ta gaske. In sarƙa ce zalla ana sakin ninki huɗu na zurfin ruwa, in akwai igiya a haɗe ninki shida ko bakwai, kuma da zurfin lokacin cika ake lissafi. Rediyon VHF na jikin jirgi yana fitar da wat 25, na hannu bai wuce 5 ko 6 ba, kuma nisan da muryarka za ta kai ya dogara da tsayin eriya. Tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa. Waya mutum ɗaya take kira, rediyo kuwa duk jirgin da ke kusa zai ji ka. Maɓallin neman agaji mai launin ja da ke jikin rediyon ba ya amfani yadda ya kamata sai an shigar da lambar jirgin mai lamba tara da ake kira MMSI, an kuma haɗa shi da GPS. Na ga jirage da yawa da rediyon ke nan fes, ba a taɓa sa lambar ba. Ƙasashe da dama kuma sai da lasisi ake amfani da shi.

Tunda jirgin mai ɗaki ne, a sa na'urar da ke ƙara in hayaƙin kabon monoksaid ya taru. Ba shi da wari, ba shi da launi, yana iya biyo iska daga bayan jirgi ya cika ɗakin, mai barci kuma ba ya farkawa. Rigar ceto a jiki take, ba a cikin akwatin da aka ɗora kaya a kai ba. Man inji kuma kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba naka ba ne.

Rada, wato na'urar hango abin da ke kewaye da jirgi, da na'urar tuƙi da kanta, da injin jan anka, ku bar su sai kun shekara kuna fita kun san abin da kuke nema. Ko da yake, in faɗi gaskiya, duk abin da ke buƙatar jan waya ta cikin jikin jirgi ya fi sauƙi a sa shi tun a masana'anta, kuma na yi da-na-sanin rashin sa injin ankar tun farko, bayana ne shaida. To ku sa wannan. Na'urar AIS ma tana da daɗi, tana nuna manyan jirage da sunansu da inda suka dosa, sai dai ƙananan jirage da yawa ba su da ita, kuma gungumen itace ba ya aika saƙo.

Sai karatu, inda na fi jin haushin yaron nan. Bidiyo ba ya tambayar ka, ba ya kama ka in ka yi kuskure. Kuma akwai tarko a ciki. Alamomin hanya da ke kan ruwa tsari biyu ne a duniya. A Turai da Afirka da yawancin Asiya, in kana shigowa tasha daga teku jar alama tana hagunka. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin tana damanka. Ka haddace darasin mai bidiyon da ke wancan yankin, ka zo ka yi aiki da shi a wannan, ka ga inda za ka kwana. A nemi malami mai rai, a cikin aji ko a kan ruwa. Ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya mai suna RYA tana da kwas na tuƙin jirgi mai inji na kwana biyu, da na karatun taswira mai suna Day Skipper na kimanin awa 40, ana yin sa har ta intanet, kuma makarantu a ƙasashe da yawa suna koyar da irinsa. Dokokin kauce wa karo na duniya, na shekarar 1972, ba su da tsawo, kyauta ake samun su. Doka ta 5 cewa take a riƙa dubawa da ido da kunne a kowane lokaci, wato abin da tsuntsayen nan suka so gaya mini. In kun yi gaba da gaba da wani mai inji, kowa ya karkata dama. In hanyarku za ta gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta damansa shi ke ba da hanya. A matsattsiyar hanya kuma jirgin da bai kai mita 20 ba ba ya tare wa babban da ba shi da wurin kaucewa.

Ku sayi taswirar takarda ta ruwan da za ku riƙa shiga, da fensir, da kamfas. Ku koyi cewa mil ɗin teku mita 1,852 ne, kuma a ma'aunin gefen taswira ake auna nisa, ba na sama ko na ƙasa ba. Kamfas ɗin kuma a nisanta shi da lasifika da waya, maganaɗisunsu yana karkatar da shi. Nawa ya yi shekara yana yi mini ƙarya saboda lasifikar da na sa a manna kusa da shi. Na san za ku ce ni ma yanzu da allo nake tafiya. Haka ne. Taswirata ta takarda tana naɗe a ƙarƙashin kujera, rabon da in buɗe ta an kwana biyu. Ban ce kada a sayi allo ba, ni kaina ba zan fita babu shi ba. Mai inci 7 ko 9 ya isa. Amma yanzu kafin in kunce igiya sai na zuƙo layin tafiyar tun daga farko har ƙarshe, taki-taki, na duba jadawalin cikar teku, na rubuta awannin a bayan hannuna.

Na faɗa wa ɗan ƙanwar tawa duk wannan, ya yi ta gyaɗa kai yana latsa waya. Jiya ya turo mini sabuwar takardar. Ya ƙara batir na biyu da rediyo, ya cire daɓen katako. Allon mai inci 12 yana nan, shuɗayen fitilun ma suna nan, wai na matarsa ne. Na ce ya zo Asabar mai zuwa da fensir mu shimfiɗa taswira a kan tebur. Ya ce to, Kawu, amma ba zai wuce awa ɗaya ba ko?