Na sake kallon Halloween II

Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin ban tsoro Halloween II na 1981, har yanzu asibitin nan bai fita daga raina ba.

Abin da ya burge ni, daidai inda na farkon, na 1978, ya tsaya nan ya ɗora, duk a dare ɗaya. An kwantar da Laurie, yarinyar da ta tsira a na farkon, a asibitin garin Haddonfield, ko'ina tsit, fitilu 'yan kaɗan, ga makashin, Michael Myers, yana tafe sannu sannu kamar ya san babu inda za ta je. Wurin da ya soki ma'aikaciyar jinya ya ɗaga ta sama, takalmanta suka zube ƙasa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma jinin ya yi yawa. Na farkon da jira yake kama mutum, wannan kuwa gawa kan gawa. Ga Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a matsayin Laurie, an bar ta kwance yawancin fim ɗin, magani ya galabaitar da ita.

Babban takaicina shi ne da aka ce Laurie ƙanwar Michael ce. A da ba ka san me yake nema ba, kowa zai iya faɗawa hannunsa. Da aka ba shi dalili, rabin tsoron ya tafi.