Muryar da ke isa kunnen kwastoma

Ni ke riƙe da lissafin shagon maigidana a Kantin Kwari, kuma rabin aikin nan magana ce da masu sari na nesa: Maraɗi, Damagaram, Kumasi, wasu har Injamena. Da can waya nake maƙalewa tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwana na kan kwamfuta ina duba wa ya biya, wa ake bi, turmi nawa ya rage a sito. Kafin la'asar wuyana ya ƙage. Tun 2021 WhatsApp ya ba da damar kira daga manhajarsa ta kwamfuta, ni kuwa sai daga baya na waye da haka. Na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo iyafis marar waya mai Bluetooth, irin mai rufe kunnuwa da ɗan makirufo a gefen baki. A daren na saurari karatun Alƙur'ani da shi, sauti garau, na ce kakata ta yanke saƙa.

Kwana uku da farawa wata Hajiya daga Maraɗi ta ce mini, "Ɗana, lafiya kuwa? Kamar daga cikin rijiya kake magana." Na yi mamaki, domin ni ina jin ta sarai, har kukan jikanta a bayanta. Ashe kwamfutar tana turo mini muryarta ta iyafis, amma tawa muryar makirufon jikin kwamfutar ne ke ɗauka. Duk lokacin da na miƙe na nufi kantar kaya don in duba mata kalar atamfa, sai in yi nisa da shi, ita kuma ta riƙa jin fanka da janaretan maƙwabta da ihun masu baro. Kwana uku mutane suna haƙuri da ni don kunya. Daga ranar na gane cewa abin da ke shiga kunnena ba ya nuna mini abin da ke isa kunnen kwastoma. Yanzu kowace safiya nakan naɗi muryata ta 'yan daƙiƙoƙi in saurara kafin in kira kowa.

Da na gyara saitin, sai sautin kunnena ya ragu, ya zama siriri kamar na tsohuwar rediyo. Na ɗauka na lalata wani abu. Ba haka ba ne. Bluetooth na da hanya ɗaya ta saurare zalla, ana ce mata A2DP, da wata ta kira, HFP, wadda ke ɗaukar murya zuwa da dawowa. Da zarar makirufo ya buɗe sai na'urar ta koma ta biyun, ta matse sautin don hanyar ta ishi ɓangarorin biyu. Shi ya sa a Windows 10 na'ura ɗaya kan fito da suna biyu, ɗaya na saurare, ɗaya na kira. Raguwar sautin nan ta zame mini alama mai amfani, don ita ke nuna mini makirufon bakina ne ke aiki.

Maganar tazara ba ta ba ni wahala sosai ba. Yawancin irin waɗannan na'urori iyakarsu kamar mita 10 ne a fili, a shago mai cike da diloli kuwa ba su kai haka. Suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, inda wayfay ma yake, kuma filas da aka soka a ramin USB 3.0 kusa da ɗan makarɓin Bluetooth da ke soke a jikin kwamfuta yakan jawo tsinkewa. Na sa guntun waya na nesanta makarɓin, na daina shiga ƙuryar sito ina kira. Akwai kuma iyafis mai waya a aljihun tebur, saboda ranar da aka kwana babu wuta ban yi caji ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jinkiri. Akwai wani dattijo a Damagaram, abokin cinikin maigidana tun ban san kasuwa ba. Gaisuwarsa doguwa ce, yakan tambayi gida da yara da gajiya da sanyi, yana ɗan tsayawa tsakanin kowace. Muryarsa sai ta bi intanet, ta shiga kwamfuta, sannan ta tsallako zuwa kunnena, kowane mataki na ƙara ɗan lokaci. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, in ana son hira ta tafi daidai, mu kuwa ranar da sabis ya yi rauni muna zarce haka. Sai in ji ya yi shiru, in ce "Lafiya lau, ranka ya daɗe," alhali shi ya riga ya shiga wata maganar. A wajensa katse shi nake yi. Bai ce mini komai ba, maigidana ya gaya wa: "Yaronka yana da ƙoƙari, sai dai ba ya bari babba ya ƙarasa."

Maganar nan ta hana ni barci, domin ba haka aka rene ni ba. Na kira shi na ba shi haƙuri, na bayyana masa dalili. Tun daga nan in babba ya yi shiru, sai na ja numfashi ɗaya kafin in amsa. Lissafi kuma ba na barin sa a baki kawai. Biyu da biyar suna rikicewa in layi ya haɗiye ƙarshen kalma, ga mutanen Nijar suna ƙirga sefa da jika, mu muna ƙirga naira. Ina maimaita adadi sau biyu, in mun gama in tura shi a rubuce.

Saura ɗaya, kuma ita ce na fi jin tsoro. Wayar da ke hannu ba a manta tana kunne, amma abin da ke rataye a kai minti kaɗan ya isa a manta da shi. Wata rana na yi sallama da Hajiyar nan ta Maraɗi, ban duba allo ba na juya, maigida ya shigo yana tambayata bashin da ake bin wani ɗan kasuwa. Na buɗe baki zan faɗi suna da adadi, sai na ji murya a kunnena: "Ɗana, ban kashe ba fa, ina jin ku. Kashe tukuna." Jikina ya yi sanyi. Sirrin wani bawan Allah na kusa watsawa, ita ce ta rufa mana asiri. Na kashe, na cire iyafis ɗin na kife shi a kan tebur, sannan na amsa wa maigida. Haka nake yi har yau duk wanda ya shigo zai yi mini magana.