Jajibirin intabiyu a Agege

Laraba, bayan sallar isha'i.

Gobe da ƙarfe goma na safe zan zauna gaban mutanen wani kamfanin jigilar kaya a Ikeja. Suna neman wanda zai kula da zirga-zirgar manyan motocinsu tsakanin tashar jiragen ruwa ta Apapa da rumbunansu. Takardar tarihin aikin da na aika musu ba ta ce komai ba sai "akawun kaya, kasuwar Mile 12" da "mai tsara tashin motoci, Apapa". Layi biyu kacal, sun haɗiye ƙuruciyata. Shi ya sa yau ban leƙa ko'ina ba. Na ari littafin rubutu a jakar 'yata, na zauna tun bayan asuba ina tuno ainihin abin da hannuna ya yi a waɗannan wurare.

Bautar ƙasa ce ta kawo ni Legas, ta sansanin Iyana Ipaja, kuma da na gama ban koma Kaduna ba. Kawu ya haɗa ni da wani dillalin tumatir a Mile 12. A lokacin, idan aka tambaye ni aikina, cewa nake ina ɗan buga-buga kafin Allah ya kawo na ofis. Yau da na zauna rubutawa, Mile 12 kaɗai ta ci shafuka. Tirela takan taso daga Kadawa ko Danja, ta bi ta Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilorin da Ibadan, tafiyar kusan kilomita 1,000, ga kaya wanda ba ya jiran kowa. In mota ta lalace a hanya na rabin yini, kwandunan ƙasa sun lotse ke nan. Ni ne mai ƙirga kwanduna kafin gari ya waye, in ware na kowane mai kaya ta alamarsa, in fitar da kuɗin mota da la'ada da ladan 'yan dako, sannan in buga waya arewa in faɗa wa manomi abin da ya rage masa. Wannan kiran wayar shi ne mafi nauyi. A 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, kuma aka yi rikicin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na ɗan lokaci a watan Maris, na sha gaya wa dattijo sa'an mahaifina cewa kayansa ba su mayar da kuɗin mota ba. Ban taɓa ɓoye wa kowa lissafi ba, kuma har yau wasunsu suna kirana da Sallah.

Apapa kuwa wata makaranta ce daban. Na same ta a zamanin da tireloli ke yin layi har kan gadoji ta wajen Ijora, direba ya yi makonni yana kwana ƙarƙashin motarsa, kwantena na zaune a tasha kuɗin jinkiri na hawa kanta kullum. A watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta kawo tsarin Eto: sai an yi wa mota rajista ta intanet, ta jira a garejin da aka amince da shi, a ba ta izini, sannan ta nufi ƙofar tasha. Direbobinmu galibi 'yan arewa ne, sun iya mota kamar me, amma saƙon Turanci a waya ba hurumin yawancinsu ba ne. Ni na riƙa zama da su a gareji ina fassara, har muka tsara yadda ba wanda izininsa zai ƙare yana barci. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da tsabar naira ta ɓace, na bi gidajen mai da masu abinci na kan hanyarmu muka daidaita a riƙa tura musu kuɗi ta banki daga ofis, don kada direba ya maƙale da yunwa da tanki babu mai.

Da la'asar Kawu ya biyo daga masallaci ya tarar da ni cikin takardu. Na gaya masa abin da ke damuna: an tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, ga shi gobe za a ce in buɗe baki in faɗi dalilin da ya sa na fi sauran.

Ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka yabi kanka? In alƙali ya kira ka shaida, ƙawata magana kake yi ko faɗin abin da idonka ya gani?"

Na ce, "Abin da na gani, Kawu."

"To, ka ba da shaida a kan aikin. Kai ka bar kanka a gefe."

Maganar ta zauna min. Na koma na soke duk inda na rubuta "ina da haƙuri" ko "na iya zama da mutane", domin kowa ma zai faɗi haka. Na maye gurbinsu da abin da ya faru: matsalar da aka shiga, abin da na yi, yadda ta ƙare. Ina ganin da yawa daga cikinmu 'yan arewa da ke Legas a nan muke cutuwa. Mutum ya shekara goma yana riƙe da lissafin miliyoyi a Mile 12 ko Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba, yana jin Hausa da Yarabanci da burokin, amma ya zauna gaban masu ɗaukar aiki ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da gogewa, don kawai ba a taɓa ba shi katin ma'aikaci ba. Abin yana min ciwo.

Bayan magariba uwargida ta karɓi littafin ta zama mai tambaya. Ba ta raga min ba. "Malam, me ya raba ka da aikinka na baya?" Na ce man dizal ya yi tsada, mai kamfanin ya sayar da rabin motocinsa, aikin ya ragu, muka rabu lafiya. Ta ce in tsaya nan, kada in ƙara ko kalma a kan albashin da aka riƙe min, tunda ba shi aka tambaya ba. Da ta zo kan nawa nake so a biya ni, sai ta sa na lissafa kuɗin haya da na makaranta da na mota tukuna, ta ce in faɗi adadin ba tare da na yi ƙasa da murya ba.

Zan bi jirgin ƙasa na jan layi daga tashar Agege zuwa Ikeja, na riga na sa kuɗi a katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi, don ba na son cunkoson safiya ya yanke min hukunci. An goge farar shaddata, takardun makaranta suna cikin ambulan.

In suka ce ko ina da tambaya, ina da ita: awa nawa direbansu yake hutawa tsakanin sauke kaya da sake tashi, kuma wa ke da ikon tsayar da mota in ya ga mutum ya gaji? Na taɓa zuwa ta'aziyyar direban da barci ya kwashe a hanyar Ibadan, na ga 'ya'yansa. Ina so in ji amsarsu kafin in sa hannu a kowace takarda.