Abin da tarihin Massive Attack ya koya mini a situdiyo

Sana'ata haɗa sauti, kuma duk sanda mawaƙa suka fara kai ruwa rana a gabana, Massive Attack ke faɗo mini a rai. 'Yan birnin Bristol ne a Ingila. Daga taron makiɗan Wild Bunch suka fito, suka kafa ƙungiya a 1988: Robert Del Naja da ake kira 3D, da Daddy G, da Mushroom, sai Tricky da ya yi farkon tafiya da su. Faifansu Blue Lines na 1991 shi ake yawan ɗauka a matsayin tushen trip hop, wato bugun hip hop da aka rage wa gudu, aka ɗora masa bas mai nauyi irin na Jamaika.

Tricky ya kama gabansa bayan faifansu Protection na 1994. Tafiyar Mushroom a 1999 ce ta fi taɓa ni. Lokacin haɗa Mezzanine, wanda ya fito a 1998, 3D ya ja kiɗan zuwa jita mai kaushi da duhu, shi kuwa Mushroom zuciyarsa na wajen hip hop da soul. Zaman ya yi tsami har ba sa son haɗuwa a ɗaki ɗaya. Neil Davidge, mai haɗa musu kiɗa, shi ke zama da wannan ya fita, wancan ya shigo, a kan waƙa guda. Faifan ya yi kyau matuƙa, amma sun rasa mutum. Ka saurari 100th Window na 2003, wanda Daddy G ma bai sa hannu ba, za ka ji ɗumin nan na farko babu shi. Ni dai a kunnena, ɗumin tare da Mushroom ya tafi.

Saboda haka na daina zuba ido sai rigima ta fashe. Wanda ya yi tsit a kusurwa, yana latsa waya alhali ana sauya masa bugun da ya kwana yana ginawa, shi nake fara tambaya: "Malam, ya ka ji shi?" In ya ce "ba laifi" bai ɗago kai ba, sai in tsayar da na'ura, in mayar da nasa bugun mu sake ji tare.

Na kuma lura ba su rufe ƙofa ba. Daddy G ya dawo, da shi aka yi Heligoland a 2010. Tricky ma ya sake sa murya a waƙarsu a 2016. Horace Andy kuwa, wani dattijon mawaƙi ɗan Jamaika, baƙo ake kiransa, amma duk faifansu biyar akwai muryarsa.