Na je na ga yaran Inka a Salta

Idan Allah Ya kai ka Salta a arewacin Ajantina, akwai wani gidan tarihi a bakin dandalin 9 de Julio da suke kira MAAM, ni dai na shiga kuma wallahi har yau abin bai bar raina ba. Gawarwakin yara uku ne a ajiye, waɗanda mutanen Inka, wata tsohuwar daula ta Kudancin Amurka, suka yi hadaya da su kimanin shekara 500 da suka wuce a ƙololuwar dutsen Llullaillaco, mita 6,739, har sai 1999 masu binciken kayan tarihi Johan Reinhard da Constanza Ceruti suka tono su, sanyi ya hana su ruɓewa.

Ba duka ukun ake nunawa ba, ɗaya bayan ɗaya ne ana canzawa, to kar ka tafi da ran sai ka ga wance. Ni babbar cikinsu na tarar, budurwa 'yar shekara 15 ko kusa da haka, a zaune ta tankwashe ƙafa kanta a sunkuye kamar mai gyangyaɗi, kitsonta ƙanana ƙanana suna nan ba su warware ba. Tana cikin gilashi mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, wurin duhu ne, kai ne za ka danna maɓalli da hannunka wuta ta kama. Na daɗe a tsaye kafin na iya dannawa.

Shawarata ka karanta bayanan bango tukuna kar ka yi gaggawar isa wajenta. A nan na san cewa gwajin gashinta ya nuna a shekararta ta ƙarshe abincinta ya canza, an koma ba ta masara da naman lama (wata dabba dangin raƙumi), ana ɗura mata giyar masara da ganyen koka (wanda ake yin hodar iblis da shi), wato an daɗe da zaɓenta ana shirya ta, wannan ya fi ganin gawar tayar min da hankali. Wata ƙaramar yarinya a cikin ukun mai shekara 6 kuma tsawa ce ta faɗo mata bayan an binne ta, har ta ƙona gefen fuskarta.

An hana ɗaukar hoto, kuma gaskiya na ji daɗin hakan. Wasu 'yan asalin yankin sun nuna ƙin amincewa da baje kolin yaran, kuma ni ma da aka raine ni a kan gawa a suturta ta a kai ta makwancinta, ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kar ka je da ƙananan yara.