Wake a sunkuye yake fitowa

Shekarata ta farko ina malamin gona, aka tura ni wani ƙauye kusa da Dadin Kowa. Wani dattijo ya shuka wake, washegari aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai kuma rana ta buɗe har kwana 4. Saman kunya ya bushe ya yi ɓawo. Na zaga gonar, ko ɗigon kore babu. Na ce, "Baba, irin nan ya ruɓe, sai dai a sake shuka."

Bai tanka ba. Ya durƙusa, ya sa tsinke ya ɗaga ɓawon a hankali. Sai ga wake a ƙasa, fari fat, ya lanƙwasa wuya kamar ƙugiya.

"Malam, da ransa," in ji shi. "Ƙofa aka rufe masa."

Na zana wannan ƙugiyar a jarrabawa, amma ranar na fara ganin amfaninta. Wake ba ya tunkarar ƙasa da kai, domin kan tsiron laushi gare shi, in ya karye shi ke nan. Da gwiwar wuyan yake turawa, yana jan ɓarin ƙwayar nan biyu a baya, ganyen fari na ɓoye a tsakaninsu. Ƙarfin kuwa na ruwa ne: jikinsa ya sha ya kumbura, sai ya tura. In ya haɗu da ƙasa mai tauri, yakan rage tsawo ya ƙara kauri. Sai ya ga haske wuyan ke miƙewa.

Masara da dawa da gero dabararsu daban ce. Ƙwayar na zaune a ƙasa, tsiron ya taso cikin kube mai tsini kamar mashi. Guzurinsa duka abin da ke cikin ƙwayar ne, shi ya sa gero, da ƙanƙantarsa, ba ya jure zurfin da masara ke jurewa.

Da yamma muka bi kunya-kunya, ni da Baba da jikokinsa, muna farfasa ɓawon da yatsa, don fartanya za ta sare wuyan. Bayan kwana 2 gonar ta yi kore. Can wajen kwari, inda laka ta fi yawa, mun makara. Na tona na tarar da su sun yi kauri, wuyan ya tsage a ƙarƙashin ɓawon. Nan kaɗai Baba ya sake shukawa.